Asibitin da Ke Rufewa da La'asar: Nazarin Shugabanci a Wata Cibiyar Lafiya ta Mazaɓa

Wurin da mutanensa

Cibiyar da wannan nazari ya shafa tana hedikwatar wata mazaɓa ce a arewa maso yammacin Najeriya, cikin ƙaramar hukumar da kusan kowa manomi ne. Daga can zuwa babban asibiti tafiyar awa guda ce a mota lokacin rani. Da damina kuwa sai yadda rafi ya ga dama. Ginin yana da ɗakin ganin marasa lafiya, ɗakin awo, ɗakin haihuwa mai gado biyu, ɗakin magani da ɗan ƙaramin ɗakin gwaji. A baya akwai gidan ma'aikata ɗaki biyu, wanda a lokacin an mayar da shi ma'ajiyar tsofaffin katifu da kwalaye.

Cibiyar tana cikin waɗanda aka zaɓa, ɗaya a kowace mazaɓa, domin karɓar kuɗin asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. A takarda, irin wannan cibiya ba ta da lokacin tashi, dare da rana a buɗe take.

Ma'aikata masu albashi tara ne: inchaj, wato shugabar cibiyar, ungozoma ɗaya, ma'aikatan lafiyar al'umma huɗu da aka fi sani da CHEW, mai gwaji, mai ba da magani da mai yankan kati. Sai masu shara biyu, maigadi, da 'yan sa-kai huɗu, 'yan matan garin da suka gama makarantar koyon aikin lafiya ba a ɗauke su aiki ba. Biyar daga cikin masu albashin a hedikwatar ƙaramar hukuma suke zaune, kullum sai sun hawo babur ko mota.

Akwai abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga nan. Inchaj ba ta biyan albashi, ba ta ƙara girma, ba ta canja wa kowa wurin aiki. Tun da Majalisar Lafiya ta Ƙasa ta amince da tsarin haɗe kiwon lafiya a matakin farko a ƙarƙashin inuwa ɗaya a 2011, jihohi suka riƙa mayar da waɗannan al'amura hannun hukumominsu na lafiya a matakin farko. Wanda aka ba shugabancin cibiya, an ba shi alhaki ne kawai, bulala da alewar duk suna wani hannu. Kuma horon da ya samu a makaranta ya fi karkata ga duba mara lafiya, ba riƙe mutane ba.

Disamba 2022: abin da sabuwar inchaj ta tarar

Wadda aka turo jami'ar lafiyar al'umma ce, shekarunta ba su kai arba'in ba, kuma ba 'yar garin ba ce. Kafin zuwanta, wani dattijo cikin ma'aikatan ne ke riƙon ƙwarya shekaru da dama. Ɗan gari ne, surukin gidan dagaci, kowa Baba yake ce masa. Shi ke riƙe da makullin ɗakin magani da na firjin rigakafi, shi ke rubuta sunan wanda zai je bita, shi ke zaɓar masu aikin gida-gida idan rigakafi ya zo. Ya sa rai za a tabbatar masa da kujerar, sai ga takardar wata.

A makonninta na farko ta lura da abubuwa huɗu. Asibitin yana cika ran awo da ran rigakafi, amma da an yi la'asar sai ka ga maigadi shi kaɗai. Littafin awo cike yake, littafin haihuwa kuwa shafi ɗaya kan yi wata biyu bai cika ba, domin mata na zuwa awo su karɓi kati, amma a gida suke haihuwa, tunda naƙuda ba ta san lokacin tashi daga aiki ba. Yaran da ake fara wa allurar Penta, rigakafin cututtuka biyar da ake yi sau uku, a mako na 6 bayan haihuwa da yawansu ba sa dawowa ta uku a mako na 14, kuma tazarar ta haura kashi 10 cikin 100, iyakar da ake ɗauka alamar akwai matsala. Na huɗu, ungozomar da 'yan sa-kai ba sa ga-maciji. Ita tana ganin yara ne marasa lasisi da ke shiga mata aiki, su kuma suna ganin su ke yin aikin, ita ke zuwa bita.

Janairu zuwa Maris 2023: jan layi da takardar tuhuma

Matakin farko shi ne wanda kusan kowane sabon shugaba ke ɗauka. Ta sayo littafin sa hannu, ta ce ƙarfe 8:30 za ta ja jan layi, wanda ya zo bayan nan ya makara. Ta rubuta jadawalin aikin safe, yamma da dare ita kaɗai a ofis, ta manna a ƙofa. Wanda ya ƙi zuwa aikin dare sau biyu ta ba shi takardar tuhuma, ta aika kwafi sakatariyar ƙaramar hukuma.

Mako biyu abin ya yi kamar zai kama. Daga nan littafin ya koma abin wasa: wanda ya riga zuwa sai ya sa wa abokansa hannu. Jadawalin kuma ta sa matar da ke shayarwa aikin dare uku a jere, ta haɗa mutum biyu da ba sa magana da juna a dare ɗaya. Ba da gangan ta yi ba, ba ta san su ba ne. Takardun tuhumar sun je sakatariya, ba a ji amsarsu ba, kuma ma'aikata sun san ba za a ji ba.

Lokacin ma bai taimake ta ba. Canjin takardun naira ya jefa mutane cikin ƙarancin kuɗi a Fabrairu, ma'aikaci na da albashi a asusu amma ba shi da na biyan ɗan acaɓa. Ta ja wa mutum layi ranar da ya wuni a layin banki. Ba a yi mata rashin kunya ba ko sau ɗaya, kowa "to, Hajiya" yake cewa. Sai dai an daina gaya mata komai. Ran da maganin zazzaɓi ya ƙare, a bakin wata mai jinya ta ji.

Afrilu zuwa Yuni 2023: gyaran gini da neman a ɗauke Baba

Da ta ga tsawa ba ta yi ba, sai ta koma kan kayan aiki, domin uzurin da kowa ke kawowa shi ne babu wuta babu ruwa da dare. Kuɗin asusun, wanda a lokacin bai wuce kimanin naira dubu 300 duk wata uku ba, ta sa aka gyara batirin sola da shi, aka ja wuta zuwa ɗakin haihuwa, aka sayi tankin ruwa. Aiki ne mai kyau, kuma har yau ana cin moriyarsa. Amma ita da shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa kaɗai suka san nawa ya shigo, nawa aka kashe, tunda su ke sa hannu a asusun. Ba ta ci ko kwabo ba, ni da nake zuwa duba aikin cibiyar na ga rasitan da idona. Duk da haka magana ta zaga cewa Hajiya da ciyaman ɗin kwamitin sun raba.

A lokaci guda ta rubuta wa sakatariya tana neman a canja wa Baba wurin aiki, a kan cewa shi ke zuga sauran. Kafin takardar ta kwana uku Baba ya san abin da ke cikinta. Dagaci ya aika, kansila ya yi waya, maganar ta mutu. Abin da ya rage shi ne gaba a fili, da ma'aikata da suka rabu biyu.

Ran 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Masu zuwa daga nesa suka shirya a tsakaninsu, ba tare da saninta ba: wannan ya zo Litinin da Talata, wancan Laraba da Alhamis. Ga wuta a ɗakin haihuwa, babu mai kunna ta.

Yuli 2023: daren da aka tarar da maigadi kaɗai

Cikin damina, bayan sallar isha, aka kawo wata mata da ta haihu a gida jini ya ƙi tsayawa. Ta yi awo a cibiyar, katinta na hannun mijinta. A jadawali ungozoma ce da wani ma'aikaci ke da aikin dare, kowannensu yana zaton ɗayan zai zo. Allurar oksitosin, mai tsayar da jini bayan haihuwa, tana cikin firji, makullin firjin yana aljihun Baba, Baba ya tafi ta'aziyya wani ƙauye. Wata 'yar sa-kai da ke maƙwabtaka ta fito, ta san abin da ya kamata a yi, amma ba ta da abin yi da shi. Aka nemi mota da ƙyar, aka bi doguwar hanya saboda rafi ya kawo. Matar ta rayu bayan ƙarin jini a babban asibiti.

Washegari mijin bai je asibitin ba, ƙofar dagaci ya nufa. Da Juma'a liman ya taɓo maganar a huɗuba ba tare da ya kama suna ba.

Agusta zuwa Oktoba 2023: abin da aka sauya

Ni ina cikin masu zuwa cibiyar duba aiki, kuma na yi zaton za ta nemi a hukunta mutum biyun nan. Ba ta nema ba. Ta kira taron dukkan ma'aikata har da masu shara da maigadi, ta zana daren a allo daga shigowar matar zuwa fitarta, ta ce a nuna mata kowane wuri da aka tsaya da dalilin tsayawar. Ta fara da nata: ita ta rubuta jadawalin da ba wanda ya yarda da shi, kuma ta san ba a bin sa, ta yi shiru. Maigadi ne ya fara magana bayanta. Ya ce ba shi da lambar kowa in ban da ta Baba.

Kafin taron ta yi abin da ya fi mata wuya. Ta je gidan Baba da yamma, ta gaishe shi, ta gaya masa da bakinta cewa ita ta rubuta takardar nan, kuma ta janye ta. Abin da ta ce, kamar yadda shi ya maimaita mini daga baya, bai wuce wannan ba: "Baba, ni asibiti na sani, kai gari ka sani. Ka riƙe mini garin." Ta ba shi jagorancin fita ƙauyuka da hulɗa da masu unguwanni da limamai, aikin da ya fi kowa iyawa, kuma mai girma a idon mutane. A madadin haka makullai suka bar aljihunsa. Aka yi akwati a ɗakin haihuwa, wanda ke bakin aiki shi ke riƙe da makullin, ana miƙawa da sa hannu. Baba bai ji daɗi ba, ya yi kusan mako biyu yana fushi. Amma bai kai ƙara ko'ina ba.

Jadawalin aka sake shi a gaban kowa, kuma nan ne aka daɗe ana ja-in-ja. Masu zuwa daga nesa suka faɗi gaskiya cewa albashinsu ba zai ɗauki zuwa kullum ba. Maimakon ta yi kamar ba ta san shirin da suka ƙulla a ɓoye ba, sai ta ɗauko shi ta ɗora a kan tebur: mutum ya zo ya yi kwana uku a jere yana kwana a cibiyar, sannan ya huta. Don haka aka kwashe katifu da kwalaye daga gidan ma'aikata, kwamitin mazaɓa ya kawo siminti da ƙofa, matan gari suka share. Mai shayarwa aka cire ta daga aikin dare har ta yaye, da sharaɗin ta ɗauki Asabar. Wanda zai yi musanya da wani ya yi, amma ya rubuta a allo. Sunan inchaj yana cikin masu kwana kamar na kowa, kuma ita ta ɗauki daren farko.

Batun ungozoma ya fi sarƙaƙiya, domin mutum ɗaya ba zai karɓi haihuwa dare bakwai a mako ba. Manufar raba ayyuka da gwamnatin tarayya ta fitar a 2014 ta yarda ma'aikatan lafiyar al'umma da aka horar su karɓi haihuwar da ba ta da matsala, su ba da taimakon farko kafin a tura mace gaba. Mata biyu cikin ma'aikatan sun sami wannan horo, amma ba a taɓa barinsu sun yi ba. Inchaj ta naɗa ungozomar shugabar ɗakin haihuwa, ta ce ita za ta riƙa koyar da su duk Laraba bayan awo: auna hawan jini, gane alamun jijjiga da ba da allurar magnesiyam salfet kafin turawa, matsa mahaifa idan jini ya ɓalle, lokacin da ya kamata a ce a tafi babban asibiti ba tare da jinkiri ba. 'Yan sa-kai suna zama su koya, amma ba sa karɓar haihuwa su kaɗai. Da aka mayar da ita malama, kishin ya ragu da kansa.

Sai kuɗi. A ganina nan ne zuciyar rikicin take, ko da yake ba wanda ya taɓa faɗa a taro. Albashi kowa ya san nasa. Abin da ke raba ma'aikatan ƙaramin asibiti shi ne alawus: wa ya je bita, wa aka sa a aikin rigakafi, wa aka sa a rabon maganin zazzaɓin damina da ake bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 gida-gida. Aka liƙa takarda a bango da sunan kowa, wanda ya je bita a sa masa alama, ba zai sake zuwa ba sai layi ya zagayo, sai fa idan horon na wani sashe ne takamaimai. Wanda ya dawo kuma sai ya koya wa sauran abin da ya jiyo. A aikin gida-gida aka fara da 'yan sa-kai, tunda su ba su da albashi. Kuɗin asusun ma aka fara rubuta shi a allo a ƙofar shiga, abin da ya shigo da abin da aka kashe, kuma tsarin kashewa na wata uku a taron ma'aikata da kwamiti ake tsara shi.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Lambobin wayar kowa a bangon ɗakin maigadi. Direbobi biyu na tashar garin da suka yarda a kira su kowane lokaci, irin shirin jigilar gaggawa da ƙungiyar direbobi ta NURTW ke yi a jihohin arewa da dama. Taron minti goma a tsaye kowace safiya lokacin miƙa aiki. Littafin jan layi kuwa ba a soke shi ba, an dai daina kula shi.

Ba duk abin da aka gwada a wannan lokaci ya yi ba. An ƙirƙiro kyautar gwarzon wata, ta jawo gunaguni tun a karo na biyu, aka bari. Akwatin ƙorafi da aka rataya ya yi wata uku babu takarda ko ɗaya a ciki, domin yawancin matan da ke zuwa ba sa rubutun boko. Abin da ya maye gurbinsa shi ne wata dattijuwa a kwamitin mazaɓa da ke zama a rumfar awo tana hira da mata, ta kawo abin da ta ji.

Nuwamba 2023 zuwa ƙarshen 2024: abin da littattafai suka nuna

Haihuwar dare ta farko a cibiyar an yi ta ne a Satumba 2023, kuma labarinta ya fi kowace sanarwa tafiya. Daga nan shafin littafin haihuwa da ke yin wata biyu ya koma cika kafin wata ya ƙare. Har yanzu masu haihuwa a gida sun fi yawa, musamman a rugage da ƙauyukan ƙetaren rafi.

Tazarar Penta ta farko da ta uku ta sauko ƙasa da kashi 10 cikin 100 a farkon 2024. Mai yankan kati ke fitar da sunayen yaran da ba su dawo ba duk ƙarshen mako, Baba ya kai wa masu unguwanni. Sai dai a nan dole a yi adalci: ɓarkewar cutar mashaƙo a 2023, wadda ta fi tsanani a Kano, ta tsorata iyaye a duk yankin, kuma Penta na cikin abin da ke kare yaro daga ita. Wani ɓangare na dawowar iyaye tsoron nan ne ya kawo shi.

Rahoton wata-wata ya riƙa isa ƙaramar hukuma a kan lokaci. Ma'aikaci ɗaya ya ƙi tsarin kwana, ya nemi canji ta hanyarsa ya samu, ba a kuma turo madadinsa ba. Biyu cikin 'yan sa-kai sun tafi, ɗaya aure, ɗaya wani asibitin kuɗi a birni. An sake samun dare biyu da cibiyar ta kwana babu ma'aikaci, duka a lokacin bikin salla, kuma duka an tattauna su a taron safe ba tare da takardar tuhuma ba.

Hukunci

Matakin farko ya gaza ne saboda inchaj ta yi barazana da ikon da ba ta da shi, kuma kowa ya san ba ta da shi. Na biyu ya gaza saboda ta ɗauki uzuri a matsayin dalili. Rashin wuta gaskiya ne, amma ba shi ya hana kwana ba. Abin da ya hana shi ne kowa yana ganin ana cin amfanin asibitin a bayan idonsa, to don me zai bar iyalinsa ya kwana a cikinsa?

Abin da ya yi aiki duk yana cikin ɗan ikon da ke hannunta tun ranar farko: jadawali, makulli, jerin masu zuwa bita, allon kuɗi, da rabon muƙamai a cikin gida. Ba ta ƙara wa kowa kwabo ba. Ta fito da rabon fili ne, ta sa kanta cikin mafi wuyar aikin, ta kuma ba mutum biyun da suka fi ƙarfin hana ta tafiya, Baba da ungozoma, abin da za su yi asara idan cibiyar ta lalace.

Ina da ja a kan abu biyu. Tsarin kwana uku a jere ya saɓa wa lokutan aiki na hukuma, sakatariya ta sani ta kau da kai ne kawai, kuma duk ranar da wani ya so ya yi amfani da shi a kanta zai iya. Sannan an jira sai da mace ta kusa mutuwa kafin a zauna a yi magana, alhali mu masu zuwa duba aiki mun yi wata bakwai muna cike takardar tantancewa, muna ƙirga magani da duba zafin firji ko yana tsakanin digiri 2 da 8, ba mu taɓa tambayar wa ke riƙe da makullinsa da dare ba. A ziyarar ƙarshe da na kai, na ga an ƙara layi ɗaya a allon ƙofa, da rubutun maigadi: sunan mai kwanan yau da lambar wayarsa.